Yadda ake haɗa ziyolayit A daga ruwan silikat, da abin da ke faruwa a cikin kwalbar

Duk wanda ya taɓa haɗa ziyolayit, wani farin garin kiristal mai ƙananan ramuka a cikinsa, a ɗakin gwaji ya san lokacin nan da ake juye ruwa garai-garai a kan wani ruwan garai-garai, nan take su rikiɗe su koma farin kunu mai kauri kamar kindirmo. A nan ɗalibai da yawa suke tafa hannu su ce aiki ya yi. Bai yi ba tukuna. Wannan kunun kayan gini ne kawai aka jibge a fili. Ginin sai an kai kwalbar wuta, kuma in ta wuce ƙa'ida a wutar, abin da aka gina zai rushe ya koma wani abu dabam. Zan bi aikin daki-daki, in faɗi abin da hannu zai yi, in kuma faɗi abin da ke gudana a ciki wanda ido ba ya gani.

Me ake ƙoƙarin ginawa?

Ziyolayit kiristal ne, kamar gishiri ko alif, wato atam-atam ɗinsa a jere suke bisa tsari ɗaya da ke maimaita kansa. Bambancinsa da gishiri shi ne cikinsa duk ɗakuna ne da lunguna. Kowane atam na silikon yana zaune a tsakiyar atam huɗu na oksijin, kamar 'yar dala mai tsini huɗu, haka ma na alminiyam. Waɗannan 'yan daloli suna riƙe juna ta tsininsu, su yi zobe, zobba su haɗu su yi keji, kejina su haɗu su bar fili a tsakaninsu. Duk inda alminiyam ya zauna yana barin ginin da gibin caji ɗaya, sai sodiyam ya shigo ya cike. Sodiyam ɗin ba a cikin bango yake ba, baƙo ne a ɗaki, ana iya fitar da shi a sa kalsiyam. Shi ya sa ake zuba ziyolayit A a garin sabulun wanki, yana kama kalsiyam ɗin da ke hana sabulu kumfa.

Sunan ya fito daga wani masanin ma'adinai ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, wanda a 1756 ya gasa wani dutse ya ga yana huci kamar yana tafasa, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar tafasa da dutse. A cikin ƙasa, irin wannan dutse yana samuwa inda tokar aman wuta ta jiƙu da ruwa mai kanwa-kanwa, kamar a tafkin Magadi na Kenya, kuma aikin na ɗaukar dubban shekaru. Richard Barrer ya fara ƙirƙirarsa a Ingila cikin shekarun 1940 da zafi mai yawa da matsi. Sai a 1949 Robert Milton na kamfanin Union Carbide a Amurka ya gano cewa in aka fara da sabon kunu mai ɗanyen jini, zafin tafasar ruwa ma ya isa. Hanyarsa ce har yau ake bi, ita ce kuma za mu bi.

Kayan aiki

Ma'aunin da zan bayar sananne ne a tsakanin masu wannan aiki, yana fitar da kimanin giram 10 na busasshen ziyolayit A. Ana bukatar tataccen ruwa (wanda aka raba da duk gishirin da ya narke a cikinsa) mililita 80, kostik soda giram 0.723, sodiyam aluminat giram 8.258, da sodiyam metasilikat mai ruwa biyar (wato kowane ƙwayarsa na riƙe da ƙwayar ruwa biyar) giram 15.48. Sai sikeli mai karanta aƙalla lamba biyu bayan ɗigo, kwalaben roba biyu masu murfi mai kamawa sosai da ke cin mililita 150, obin ko tukunyar ruwan zafi, mazurari da takardar tacewa, takardar gwajin pH (mai nuna ƙarfin asid ko soda a ruwa), safar hannu da tabarau.

Kafin ka auna komai, karanta jikin gwangwanin. Giram 8.258 ɗin nan na aluminat mai ruwa uku ne a jikinsa. Wanda aka fi samu a shago busasshe ne, an rubuta masa kashi nawa na Al2O3, wato haɗin alminiyam da oksijin, yake ɗauke da shi. Abin da kake nema shi ne giram 3.86 na Al2O3, don haka in an rubuta kashi 53, raba 3.86 da 0.53, ka auna kusan giram 7.3. Haka metasilikat: in mai ruwa tara ka samu, giram 20.7 za ka auna, ka rage ruwan da za ka fara da shi da mililita 5. Silikat mai yauƙi da masu haɗa sabulu ke saya a wajen 'yan kemikal zai iya aiki, amma da wuya mai shago ya gaya maka yawan silikar da ke ciki, kuma in ba ka san wannan ba lissafinka duk ya zama canki-canka. A gwajin farko ka nemi garin mai lakabi.

Kwalba kuma sai ka juya gindinta ka ga PP ko lamba 5 a cikin 'yan kibiyoyin nan uku. Gorar ruwan sha mai lamba 1 za ta lanƙwashe a zafi, soda kuma tana cin ta. Gilashi ma bai dace ba, domin shi kansa silika ne, ruwan soda mai zafi zai riƙa gatsar bangonsa yana ƙara maka silikar da ba ka auna ba. Tukunya ko cokalin alminiyam kuwa kada su kusanci wurin, soda na narkar da su tana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. In ruwan batir za ka saya a matsayin tataccen ruwa, tsoma takardar pH a ciki tukuna, don akwai masu kiran ruwan asid da wannan suna.

Mataki na farko da na biyu: ruwa biyu, kowa a kwalbarsa

Sa safar hannu da tabarau. Zuba ruwan mililita 80 a kofin roba, sa kostik soda a ciki, ka juya a hankali har ya narke, minti 10 zuwa 20. Raba shi gida biyu daidai, mililita 40 a kowace kwalba. A ta farko zuba aluminat, a ta biyu zuba metasilikat. Rufe kowace, ka riƙa girgizawa a hankali har ruwan ya washe tas, ba ko ɗan gari a ƙasa. Aluminat yakan yi taurin kai, ya kuma ɗumama kwalbar. Ka yi haƙuri da shi. In ya daɗe a buɗe a shago ya sha iska, zai ƙi washewa ya bar hazo-hazo, to tace shi kafin ka ci gaba, ko ka nemi sabo.

Me ya sa ba a zuba komai a kwalba ɗaya a huta? Domin ana so kowanne ya warwatse zuwa ƙananan gutsattsari kafin su gamu. A cikin ruwa mai ƙarfin soda, silikat ba ya zama abu ɗaya. Akwai 'yan daloli masu yawo su kaɗai, akwai masu tafiya bibbiyu, akwai waɗanda suka yi ƙananan zobba na uku ko huɗu, kullum suna kamawa suna sakewa. Alminiyam shi kuma yana yawo ɗai-ɗai, kowane da haidiroksil (oksijin haɗe da haidirojin) huɗu a jikinsa. Muddin suna rabe, kowa zai zauna a narke. Da ka zuba garin biyu tare, kunu zai kama a jikin ƙwayoyin da ba su gama narkewa ba ya lulluɓe su, ka tashi da gudaji.

Mataki na uku: gamuwa

Ɗauki kwalbar silikat ka juye ta cikin ta aluminat a tashi ɗaya, ba ɗigo-ɗigo ba. Cikin daƙiƙa kaɗan farin kunu zai kama. Rufe murfin tam, ka girgiza da ƙarfi minti 5 zuwa 10 har ya zama bai ɗaya. Sa alama da biro a jikin kwalbar daidai inda saman kunun ya tsaya, za ta yi maka amfani nan gaba. Rubuta lokaci.

Abin da ya faru shi ne silikat da aluminat sun kama juna ta gadar oksijin, suna zubar da ruwa a kowace haɗuwa. Sun yi shi cikin gaggawa, kowa ya cafki na kusa da shi, shi ya sa babu tsari. Doka ɗaya kawai suke kiyayewa, wadda Walter Loewenstein ya bayyana a 1954: alminiyam biyu ba sa zama maƙwabta, dole silikon ya raba su. A ziyolayit A silikon da alminiyam kunnen doki suke, ɗaya da ɗaya, don haka dokar ta tilasta musu jeruwa bi da bi. Lura kuma ma'aunin da muka ɗauka ya ɗan fifita alminiyam da gangan, don silika ta ƙare tas ba ta bar ragowa ba.

Ga ziyolayit A ba dole a ajiye kunun ya kwana ba. Amma in ka bar shi a zafin ɗaki na awa 24 kafin wuta, iri zai fi yawa a cikinsa, ƙwayoyin da za su fito su fi ƙanƙanta, aikin wuta kuma ya fi sauri. Masu haɗa wasu nau'o'in, ziyolayit X da Y, su kam kusan kullum sai sun kwanar da nasu.

Mataki na huɗu: wuta da jira

Kai kwalbar obin da ya riga ya kai digiri 99 a ma'aunin Salsiyas, a tsaye, murfi a rufe. Ba a juyawa, ba a girgizawa. Awa 3 zuwa 4 ake nema. Inda wutar lantarki ba ta da alƙawari, tukunyar ruwa a kan gas ta fi obin amana: sa ƙyalle a gindin tukunyar don kada robar ta taɓa ƙarfe, ruwan ya kai tsayin kunun, ya riƙa tafasa a hankali, kana ƙara tafasasshe in ya ja baya. Sai dai ka tuna ruwa ba ya kai digiri 100 a ko'ina. A Kano yana tafasa wajen 98, a Jos wajen 96 saboda tudu, don haka mai aiki a Jos ya karkata ga awa huɗun ko ya ɗan ɗara.

Nan ne fa labarin yake. Awa ta farko za ka leƙa ka ga kamar ba abin da ya motsa, in ma ka ɗebi kunun ka kai na'urar gano kiristal za ta ce maka babu kiristal ko ɗaya. Amma ciki ana ta kai-komo. Zafi da soda suna tsinka gadojin da aka ɗaura cikin gaggawa, gutsattsarin su koma ruwa, su sake ɗauruwa a wani wurin. Haɗin da bai zauna daidai ba shi ke saurin tsinkewa, wanda ya dace ya daɗe. Sodiyam yana yawo da rigar ruwa kewaye da shi, silikat da aluminat suna naɗuwa a jikin wannan dunƙulen kamar yadda magini ke ɗora laka a kan bakan gizo, a haka kejin farko yake samun siffarsa. Kejin nan mai kusurwa 24 ne, fuskokinsa murabba'i shida da masu gefe shida guda takwas. In kejina takwas suka zauna a kusurwoyin akwati suka kama juna ta fuskokin murabba'i da 'yan ginshiƙai, sai babban ɗaki ya buɗe a tsakiyarsu, faɗinsa ya ɗan haura nanomita ɗaya (kashi ɗaya cikin miliyan na milimita), ƙofofinsa kuma kusan nanomita 0.4. Wannan ƙofa ita ce duk darajar ziyolayit A: ruwa na wucewa, manyan molekul, wato manyan dunƙulen atam, kuma su tsaya a waje.

Galibin waɗannan ƙananan gine-gine rushewa suke yi tun ba su je ko'ina ba. Sai wanda ya kai wani girma ne yake tsira, shi ake kira iri. An daɗe ana gardama a kan ko a cikin ruwan iri yake fitowa ko a cikin kunun. A 1999 Svetlana Mintova da abokan aikinta sun bi haɗin ziyolayit A a zafin ɗaki da madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa, suka ga ƙananan kiristal suna ɓullowa a tsakiyar dunƙulen kunu, suna girma har suka cinye shi. A aikace duka biyun suna da hannu: kunun rumbu ne, ruwan kuma ɗan aike, yana ɗebo kaya daga rumbu yana kai wa iri.

Da iri ya kafu, sai aiki ya ɗauki gudu. Kowace fuskar kiristal wurin ɗora sabon layi ce, kuma gwargwadon girmansa gwargwadon faɗin wurin ɗorawa. Ruwan na rasa silikat, kunu na ƙara narkewa don ya cike gurbin. In ka zana yawan kiristal a kan lokaci, layin zai kwanta da farko, ya miƙe sama kamar an harba shi, sannan ya sake kwanciya da rumbu ya ƙare. Da idonka ma za ka gani. Dubi alamar biron nan: saman kunun zai riƙa sauka ƙasa da ita, a hankali da farko, can kusa da ƙarshe kuma ya zube da sauri, ya bar ruwa garau a sama da farin gari mai nauyi kwance a gindi. Da ka ga haka, sauke.

Ina nanata sauke, don na taɓa yin wannan kuskure. Wata Juma'a na sa kwalba a obin da rana, na fita da niyyar dawowa bayan la'asar, wani sha'ani ya riƙe ni, aka kulle ɗakin gwajin. Ran Litinin na tarar da gari fari tas, na yi murna. Da sakamakon na'ura ya fito, sodalayit, wani kiristal dabam, ya cakuɗu da shi fal. Dalili kuwa ziyolayit A zango ne a kan hanya. Tun 1897 Wilhelm Ostwald ya lura cewa abin da ya fi sauƙin samuwa shi ke fara fitowa, daga baya ya ba wanda ya fi shi zama daram wuri. Ginin A mai yalwar fili ne, in ya ci gaba da zama cikin ruwan soda mai zafi sai ya fara narkewa, kayansa su sake haɗuwa a sodalayit, inda kejinan nan suke manne da juna kai tsaye, ƙofofin sun tsuke har ba sa amfanar komai a tace ko busarwa. Yawan soda ma yana gaggauta wannan.

Shawarata ga mai yin karon farko: ninka ma'aunin biyu, raba kunun a ƙananan kwalabe huɗu, ka riƙa cire ɗaya bayan kowace awa. Za ka ga tafiyar a jere a kan teburi, ka kuma san awar da ta dace da naka obin ɗin.

Mataki na biyar: tacewa, wanki, shanya

Bar kwalbar ta huce kafin ka buɗe, ko ka tsoma ta a ruwan sanyi. Buɗe ta da zafi na iya watso maka ruwan soda a fuska. Tsiyaye ruwan sama a wani mazubi dabam, juye garin a takardar tacewa, ka riƙa zuba tataccen ruwa kaɗan-kaɗan kana gwada wanda ke ɗiga, har pH ya sauko ƙasa da 9. Yana cin ruwa, yana cin lokaci. Kada gajiya ta sa ka zuba asid don gajarce hanya, ziyolayit mai yawan alminiyam irin wannan asid na rusa shi. Shanya garin a digiri 80 zuwa 110 ya kwana. Abin da za ka auna da safe zai kai wajen giram 13, domin ɗakunan cike suke da ruwa. Ruwan sodan da ka tsiyaye kuma ka sirka shi da ruwa mai yawa, ka kashe kaifinsa da binega kafin ka zubar, kada ya bi kwata inda yara da awaki ke wucewa.

Ta yaya za ka san ka dace?

Farin gari dai duk ɗaya ne a ido. Hukunci na wajen na'urar XRD, mai haska gari da hasken X-ray ta zana tsarin atam ɗinsa a takarda, wadda wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike ke da ita. Da fitilar tagulla da aka saba amfani da ita, ziyolayit A yana fitar da tsinaye masu kaifi a zanen wajen kusurwar digiri 7.2, 10.2, 12.5, 21.7, 24.0, 27.1 da 29.9. In ka ga tudu mai faɗi ba tsini, kunu ne bai nuna ba. In wani tsini ya ɓullo wajen digiri 14, sodalayit ya shigo. A madubin lantarki kuma za ka ga 'yan akwatuna masu gefe daidai kamar dunƙulen magi, faɗin kowane maikiromita 2 zuwa 3 (maikiromita kashi ɗaya cikin dubu ne na milimita), a jera ashirin da wani abu kafin su kai kaurin gashi ɗaya.

Kafin kuɗin na'ura ya samu akwai gwajin hannu. Gasa giram 2 a digiri 350 na awa uku, sanyaya shi a rufaffen mazubi, zuba a ƙaramin kofi ka ɗiga ruwa: gindin kofin zai ɗau zafi nan take. Ko ka auna gasasshen, ka bar shi ya kwana a rufe kusa da kofin ruwa, ka sake aunawa. Mai kyau yana ƙara nauyi da kusan kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. Sodalayit ba ya yin haka.

In babu aluminat

Farar ƙasar kawolin, irin ta Ƙanƙara a jihar Katsina ko ta Alkaleri a Bauchi, silikon da alminiyam ɗinta kusan ɗaya da ɗaya suke, daidai abin da A ke so, shi ya sa masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka daɗe suna aiki a kan ta Ƙanƙara. Ɗanyarta soda ba ta cin ta da sauƙi. Sai an jiƙa ta an tace yashi, a shanya, a gasa tsakanin digiri 600 da 800 na awa biyu zuwa uku har tsarinta ya wargaje. In wuta ta kai wajen 950 ta sake daskarewa, an yi asara. Gasasshiyar ake damawa da ruwan kostik soda, a kwanar, sannan a kai zafin da muka faɗa. Abin da ke faruwa ciki bai canza ba, ƙasar ce ta tsaya a matsayin kunu, tana narkewa tana ciyar da iri. Sai dai yashi da ƙarfen da suka tsere wa tacewa suna nan, za ka ga tsinin yashi wajen digiri 26.6 a takardar XRD, garin kuma ya fito da ɗan ja-ja. Mai son ziyolayit Y, wanda matatun mai ke fasa ɗanyen mai da shi, dole ya ƙara silika a kan ta ƙasar, kuma tokar ɓuntun shinkafa da aka ƙona a hankali har ta yi fari tana bayar da ita in aka dafa ta da ruwan soda.

In ka samu zubi ɗaya da na'ura ta tabbatar, ware ɗan kaɗan a kwalba mai murfi. Zubi na gaba ka barbaɗa kimanin giram 0.1 a cikin kunun kafin ka girgiza, kamar yadda ake sa tsohon kindirmo a sabuwar madara. Jiran nan na awa ta farko zai ragu, don haka ka fara leƙa alamar biron tun da wuri.